Waiwaye: Daminar da Muka Kwashe Kaya a Kaduna

Duk shekara in Fabrairu ya raba tsakiya sai maganar nan ta taso, bana ma ba ta fasa ba. Wasu su ce ya kamata a ce Kaduna tana da rana guda da aka ware don tuna mutanen da suka mutu a rikicin 2000, a yi addu'a a masallatai da coci-coci, a zaunar da yara a faɗa musu abin da ya faru. Wasu su ce a'a, a bar kaza cikin gashinta, tone-tone ba ya haifar da ɗa mai ido, wanda ya mutu Allah ya jiƙansa, mu da muka rage mu ji da tsadar masara. Kafin ka ce kwabo an koma ƙirga gawa, wannan ya ce namu aka fi kashewa, wancan ya ce ƙarya kake namu ne, sai ka ga yaron da aka haifa 2004 yana zagin wanda aka haifa 2006 a kan abin da dukkansu labari aka ba su, kuma kowanne rabin labarin ya samu.

Ni da na yi niyyar yin shiru kamar kullum. Autanmu ne ya tayar min da tsumi, ya rubuta a gurup ɗinmu na gida cewa wai ai dama can haka Kaduna take tun zamanin Turawa, Musulmi arewacin kogi, Kirista kudanci, to mene ne na surutu. Kuma wallahi ba da wasa ya rubuta ba, ya yarda da abin har zuciyarsa. Yaron da uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni kuma a Sabon Tasha, kudancin kogin, aka binne cibiyata. Shi a Rigasa, arewacin kogin, aka haife shi 2001, shekara ɗaya kacal bayan mun tashi, amma a wurinsa kamar ina ba shi labarin Bayajida ne.

Ba haka Kaduna take ba. Garin nan in ka cire Gbagyi da aka tarar, kowa zuwa ya yi. Turawa suka taso da hedikwatarsu daga Zungeru a 1917, reluwe ta kawo wasu, aikin soja ya kawo wasu, aikin gwamnatin Jihar Arewa ya kawo akawuna da masinjoji, sannan aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri a 1957, sauran suka biyo baya, mutane suka yi ta kwararowa daga Zariya da Katsina da Kafanchan da Binuwai da Ilori da Inugu. Inda ka samu ɗakin haya kusa da wurin aikinka nan ne unguwarku, shikenan. Babanmu daga ƙasar Zazzau ya zo, ya samu aiki a masaƙa, ya yi shekaru yana tara kuɗi ya sayi fegi a Sabon Tasha saboda nan ne aljihunsa ya kai, ya gina ɗaki huɗu da rijiya, ya dasa mangwaro. Ba wanda ya tambaye shi ina alƙiblarsa.

Ba kuma ina cewa aljanna muke ciki ba. An yi Kafanchan a Maris 1987, abin ya faro daga kwalejin ilimi ya fantsama har Zariya da Kaduna da Funtuwa. An yi Zangon Kataf a 1992, Fabrairu a kan maganar mayar da kasuwa, sannan Mayu wanda ya fi muni, shi ma ya iso cikin Kaduna. Wasu tun lokacin suka fara canza unguwa amma ɗaiɗaiku ne. Sai aka dawo mulkin farar hula 1999, Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoba, muhawara ta iso Kaduna, majalisar jiha ta kafa kwamiti, aka yi ta gangami kowane ɓangare, har ranar Litinin 21 ga Fabrairu 2000 da aka fito zanga-zanga abin ya ɓaci. Wannan duk an rubuta, an maimaita, ba sai na tsaya ba. Kwamitin binciken da aka kafa daga baya ya ce mutum 1,295 suka mutu ban da waɗanda suka ɓace, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce abin ya haura 2,000, wasu har 5,000 suke kaiwa. Aka yi ramuwa a Aba da wasu garuruwan kudu maso gabas. Ƙasa gaba ɗaya ta girgiza.

Mu uku ne lokacin, kullum tare kamar an ɗaure mu da igiya. Ni, da yaron gidan da muke katanga ɗaya, ɗan Bajju ne iyayensa daga wajen Zonkwa, da na ukunmu wanda ya bar makaranta yana koyon aiki a kasuwar Panteka da ke tsallaken kogi. Ba zan kama sunan kowa ba. Tare muka yi firamare, tare muke haɗa kuɗin mota mu je kallon ƙwallon Ranchers Bees, tare aka zane mu ranar da muka je wanka kogi. Hausar ɗan Bajjun nan ta fi tawa daɗi, a cocinsu ma da Hausa ake waƙa, ni har yau in na ji matan zumunta suna buga tulu sai in tsinci bakina yana bi. Duk Kirsimeti babansa babanmu yake kira ya yanka masa akuya don kada mu ce ba za mu ci ba, in Babbar Salla ta zo kuwa cinya guda ta gidansu ce, ba a ma tambaya.

Ranar Litinin ɗin da yamma, da hayaƙi ya fara tashi kusa, mamansa ce ta leƙo ta katangar baya ta ce wa innarmu, "Ƙawa, kwaso yaran nan ku tsallako, ki bar kayan." Kwana biyu muka yi a ƙuryar ɗakinta mu bakwai, ta sa mana bokitin ruwa da buta ta shimfiɗa mana sabuwar tabarma ta ce ga ta nan in za ku yi salla. Mijinta ya ɗauki benci ya zauna a ƙofar gida da rediyonsa, duk wanda ya zo tambaya sai ya ce ai sun gudu tun safe. Rana ta uku motar sojoji ta kwashe mu zuwa bariki. Kuma a bariki ne na fara jin irin labarinmu sak amma a juye, mutanen da aka fito da su daga Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi suna cewa Alhaji wane ne ya ɓoye mu, Hajiya wance ce ta ɗaura wa 'yata hijabi ta fitar da ita.

Na ukunmu ya fita da safe ranar Litinin kamar kullum, ya tsallaka gada zai je wurin aiki. Bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, ba a samu wanda ya ce ya ga inda ya faɗi ba, ban ma san ko yana cikin 1,295 ɗin ko yana cikin waɗanda aka ce sun ɓace ba. Shekararsa 18. Kuma ba zan faɗi addininsa ba, da gangan, don na san abin da za a yi da shi, ɓangare ɗaya za su ɗauke shi su ƙara a lissafinsu, ɗaya ɓangaren su wuce kamar ba su gani ba.

To yanzu ga abin da nake so autanmu da ire-irensa su ji, wanda ba a cika faɗa ba.

Bayan Fabrairu mun koma gida. Ba mu kaɗai ba, mutane da yawa sun koma. Wanda aka ƙona wa gida kam ba shi da zaɓi, amma namu yana nan, maƙwabta sun tsare shi, ko kaza ba mu rasa ba. Babbar Salla ta zo tsakiyar Maris a Sabon Tasha muka yi ta, jiki a sanyaye, ragon ma ƙarami ne, amma an miƙa cinya ta katanga. Ista ta zo ƙarshen Afrilu aka miƙo mana shinkafa. Baba ya dinga cewa ba inda za shi, an yi 1987 ya wuce, an yi 1992 ya wuce, wannan ma iska ce. Ƙannensa daga Zariya suka yi ta aiko masa ya tashi, ya ce shi da guminsa ya gina gidan nan.

Sai 22 ga Mayu, ita ma Litinin, abin ya sake tashi, kwana biyu. In ana maganar 2000 yanzu kowa Fabrairu yake cewa, da wuya ka ji an ambaci Mayu saboda ɓarnar ba ta kai ta farko ba. Amma a gidanmu da gidaje dubbai na Mayun ne ya yanke magana. Na farko ka ce tsautsayi ne. Da aka maimaita bayan wata uku kacal, bayan duk zaman sulhun da aka yi da rantse-rantsen da aka sha, sai kowane magidanci ya zauna ya yi lissafi da kansa. Mun sake kwana a ƙuryar ɗakin nan, kuma a wannan karon na ji baban abokina da kunnena yana ce wa Baba cikin dare, "Malam, samarin da suka zo yau ban san ko ɗaya ba, ba 'yan unguwar nan ba ne, ba sa jin kunyata. Ina tsoron ranar da bencina ba zai isa ba." Bai ce mu tashi ba. Baba ma bai ce komai ba. Amma washegari na ga ya tsaya yana kallon mangwaron nan ya daɗe.

Abin da ya biyo baya ba shi da rana ɗaya da za a ce ga ta, shi ya sa ba ya shiga jarida. Ba wata doka da aka kafa ta ce Musulmi ya koma nan Kirista ya koma can, ba wanda ya yi shela. A hankali abin ya dinga cin unguwa kamar gara. Masallacin layinmu da asuba sahu uku muke yi, bayan Fabrairu ya koma biyu, bayan Mayu ɗaya, sai ladan ya tashi, sai mai shayi, sai mahaucin bakin titi, wata rana Baba ya dawo ya ce su huɗu suka yi salla har da liman. In kuna gida ashirin a layi za ka iya cijewa, in kuka koma gida uku matarka ba za ta yi barci ba, kai ma ba za ka yi ba. Kuma duk wanda ya tashi ya ƙara wa na bayansa dalilin tashi. Haka ma abin yake faruwa da ƙananan coci-cocin da ke cikin Rigasa da Tudun Wada, ranar Lahadi benci ya yi ta zama fayau.

Nan ne kasuwar musayar gida ta buɗe. Yaran yanzu in ka ce musu an yi musayar gida kamar yadda ake musayar waya sai su ɗauka zolaya ce. Sayarwa ba ta yiwuwa, don kowa ya san dole ce ta sa ka, sai a taya maka gidan da ka yi shekara goma kana ginawa kuɗin da ko fili ba zai saya maka a ɗaya ɓangaren ba, can kuma haya ta yi tashin gwauron zabi saboda kowa ɗaki yake nema. Sai dillalai suka gano hanya, wasu don Allah wasu don la'ada. Za a nemo maka mutum a tsallaken kogi mai irin matsalarka a juye, ku je ku duba nasa, ya zo ya duba naka, a ƙirga ɗakuna, a duba kwano ko yana yoyo, bulo ne ko jar ƙasa, akwai rijiya, akwai mitar wuta, wanda nasa ya gaza ya yi ciko. A rubuta takarda, shaidu su sa hannu, a kai wa mai unguwa. Wani ya dace, wani an cuce shi, wani ya ba da gida mai ɗaki shida ya karɓi mai uku yana godiya.

Namu da wani ma'aikacin reluwe mai ritaya aka haɗa mu, gidansa a Rigasa. Na raka Baba ranar da aka je dubawa. Dattawan nan biyu ba su taɓa ganin juna ba amma suka zauna a tabarma ɗaya kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa. Shi yana nuna wa Baba inda ruwa yake taruwa in an yi sama, da wane maƙwabci ne mutumin kirki (ya nuna gidan Alhajin da ya ɓoye su, ya ce wannan ka riƙe shi da kyau), Baba kuma yana gaya masa rijiyarmu ba ta ƙafewa ko a watan Afrilu, kuma don Allah kada a sare mangwaron. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya ce ku ne kuka ja.

Cikin damina muka tashi. Wanda ya ga gadar kogin Kaduna a watannin nan ba zai manta ba, a-kori-kura da tifa da amalanke, katifa a sama an rufe da leda, buhun masara, kujeru, akwatin talabijin a cinyar uwar gida, kaji a kwando, wasu sun nufi kudu wasu sun nufi arewa, ana gilma wa juna a tsakiyar gada kowa ya kau da kai. Maman abokina ita ta taya innarmu naɗe kwanuka a tsumma. Da mota ta tashi ba ta fito ba, ta shige ɗaki. Ni da shi muka yi musabaha kamar manya, na ce sai na zo, ya ce sai ka zo, a zatonmu nan da can ne, kuɗin bas ne kawai.

Ɗakin da aka ba ni a Rigasa na wani yaro ne da ban taɓa gani ba. A jikin ƙofa akwai zane-zanen fensir inda ake auna tsayinsa duk shekara, akwai ƙusa a bango da shatin kalandar cocinsu inda fenti bai koɗe ba. Na yi shekara shida a ɗakin nan ban goge zanen ba, ban san dalili ba. Wataƙila shi ma yana can ɗakina yana kallon hoton 'yan ƙwallon da na manna da ƙullun rogo.

Kuma ba mutane kaɗai suka tashi ba, wannan ne abin da ban gane ba sai da na girma. Adashin matan layinmu ya watse, don rabin masu zubi sun tsallaka. Ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwa, Musulmi da Kirista, ta zama ta ɓangare ɗaya. Mai kemis ɗin da yake ba mu magani bashi, mai niƙa, telan da yake ɗinkin Salla da na Kirsimeti a keke ɗaya, duk kowa ya bi nasa. Makaranta ita ce babba. Firamaren gwamnati ta unguwa 'yan unguwa take ɗauka, to in unguwa ta zama kala ɗaya aji ma ya zama kala ɗaya, ga makarantun kuɗi da suka yi ta tsirowa kowacce da irin yaran da take nema. Gonakin bayan Rigasa aka yi ta yankawa fegi-fegi ba titi ba kwata, haka Gonin Gora da Unguwar Romi da Kamazo da Maraban Rido suka kumbura. Har aka fara ce wa ɓangaren arewa Makka na kudu Jarusalam, ana dariya, abin da ba na dariya ba.

Ga wani abu ƙarami da mutane suke mantawa, babu wayar hannu. Sai Agustan 2001 aka fara GSM a ƙasar nan, kuma da ta zo ma layi kaɗai ya fi ƙarfin albashin ma'aikacin masaƙa. Wanda ya tashi a 2000 ba lambar da zai bar maka. Adireshi kuwa, me zai ce, bayan hayi kusa da wani kango? Wanda kuke kwana ɗaki ɗaya jiya, yau yana nesa da kai kilomita kaɗan amma kamar ya tafi Sudan. Zuwa kuma kowa uwarsa ta hana, kada ka kuskura ka tsallaka min gada. Da a ce abin ya faru bayan shekara biyar, lokacin da kowa yake da waya, ina jin da zumunci da yawa bai mutu ba.

Zare ɗaya ya rage mana, masaƙa. Baba da baban abokina a sashe ɗaya suke aiki a Kakuri, to su suke kai saƙo, ya ce a gaishe ka, ga daddawa in ji mamansa, ga kuka in ji innarmu. Wurin aiki irin wannan shi ne inda dubban mutane suke haɗuwa dole, su ci abinci a kantin ɗaya, su yi ƙungiya ɗaya, su yi yajin aiki tare. A 2002 masaƙar ta rufe, sauran ma suka bi ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan shekaru. Daga nan Baba ba shi da dalilin tsallaka kogi, zaren ya tsinke.

Sauran kun sani. An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. A Nuwamba 2001 jiha ta fito da tsarin kotunan shari'a da na gargajiya kowa da inda za shi, a 22 ga Agusta 2002 malamai da limaman coci 22 suka sa hannu a takardar zaman lafiya ta Kaduna, aikin da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka yi ta fama a kai, mutanen da da can abokan gaba ne, shi Faston ma a rikicin 1992 ya rasa hannu. Wata uku bayan sa hannun aka yi rikicin gasar sarauniyar kyau a Nuwamba, mutum wajen 250 suka tafi, aka kwashe gasar aka kai Landan. Sannan Afrilun 2011 bayan zaɓe, sama da 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, kudancin jihar nan ya fi ko'ina jin jiki, sansanin alhazai na Mando ya cika da 'yan gudun hijira. Kowanne ya zo ya tarar an riga an ja layi, sai dai ya ƙara kaurinsa.

Akwai masu cewa ai rabuwar nan alheri ce, tunda yanzu in abu ya tashi ba a samun wanda za a ritsa a cikin unguwa. Ban ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba, ni kaina na fi samun barci a Rigasa a shekarun nan, ƙarya ne in ce ba haka ba. Amma sai abin ya koma kan hanya, matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ake tarewa, ta kowane ɓangare. Sannan jita-jita ta samu gona. Da in aka ce ga su nan zuwa, sai ka leƙa ta katanga ka ga "su" ɗin tana wanke-wanke tana yi wa ɗanta faɗa, sai hankalinka ya kwanta. Yanzu in aka turo maka murya a WhatsApp cewa an fara a Sabon Tasha, wa za ka kira ka tambaya? Yawancin samarin layinmu ba su da lambar mutum ɗaya a can, na can ma haka. Kuma mutumin da zai ɗauki benci ya zauna a ƙofa dominka, sai wanda ya ci cinyar ragonka shekara goma sha biyar.

Sai 2012 na ga abokina a Facebook, shekara goma sha biyu, a gari ɗaya. Mun yi ta hira a waya, mun haɗu sau biyu a cikin gari wajen Ahmadu Bello Way, wurin da ba na kowa ba. Da Baba ya rasu 2016 na tura masa saƙo, ko minti biyar ba a yi ba ya kira, ya yi min gaisuwa, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Mutumina, zan iya shigowa?" Wallahi wannan tambayar ta fi min mutuwar ciwo a lokacin. Yaron da innarmu ta goya. Na hau mashin na je bakin bayifas na ɗauko shi. Ya zauna a tabarmar makoki kwana uku yana zuwa, kuma dattawan da muka taso tare daga Sabon Tasha suka gane shi, wannan ba ɗan wane ba ne, ina babanka, ina mamanka, wani tsoho ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Da ya shiga wurin innarmu ya durƙusa ya ce Inna sannu da haƙuri, ba ta iya amsawa ba.

Kada in yi ta nuna kamar shi kaɗai ne mai tsoro. Da na tashi mayar da ziyara sai da na canza kaya sau biyu, na cire hula na mayar, na sake cirewa. Unguwar da aka haife ni. Mamansa ta tsufa, ido ya yi rauni, amma da na yi sallama ta ce muryar nan ta gidan Malam ce. Mangwaron yana nan, jikokin ma'aikacin reluwen ne suke sha, sun cika alƙawari.

Shi ya sa in aka tambaye ni maganar ranar tunawa sai in rasa amsa mai daɗi. Ina so a yi, mutum dubbai ba kaji ba ne da za a ce a manta. Amma in yadda muke ɗin nan za a yi ta, waɗannan su taru a nasu ɓangaren kogin waɗancan a nasu, kowa ya karanto sunayen nasa, to ƙirgan gawar nan ce ta Facebook za a ɗauko a sa mata rumfa da lasifika. Kuma duk shekara Fabrairu za a yi ta ambata, ba mai tuna daminar da muka yi ta gilma wa juna a kan gada da katifu, don ita ba a zubar da jini ba, kuma ba wani can da za a nuna da yatsa, kowa da hannunsa ya ɗaure kayansa, kowa kuma da hujjarsa mai kyau.

Mu dai abin da muke yi tun rasuwar Baba, duk 21 ga Fabrairu ni da abokina mukan je gaida mahaifiyar na ukunmu. Ita ma ta tashi a daminar nan, ta koma inda nata suke, saboda haka ɗayanmu ne yake tsallaka gada, ba zan ce wane ba. Mukan kai mata ɗan abin da ya samu, sabulu, shinkafa, kuɗin magani. Ba ta taɓa yarda an yi masa zaman makoki ba, ta ce ba ta ga gawa ba. Bana da muka je ta kalle mu ta ce, "Kai, yaran nan har kun fara furfura. Shi ma yanzu haka ya fara."

Autanmu kuwa na ce ya shirya ranar Asabar zan kai shi Sabon Tasha ya ga rijiyar da ubansa ya haƙa, ya gaida matar da ta ɓoye uwarsa a ƙuryar ɗaki tun kafin a yi cikinsa. Ya turo min alamar dariya, can bayan kamar minti goma ya sake rubutowa, "Yaya, amma da rana za mu je mu dawo ko?"